Tsokaci a Kan Kalmar "Recite" da Matsayin Murya a Adabi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba halartar tarurrukan marubuta, ko bikin ƙaddamar da littafi, ko ranar ba da kyaututtuka a makarantu, ya san da wuya a buga takardar tsarin taro ba a keɓe wani layi an rubuta "poetry recitation" ba. Idan lokacin ya yi, sai mai gabatarwa ya juya harshe zuwa Hausa. Wani ya ce wane zai karanta mana waƙa, wani ya ce zai rera, wani kuma ya ce zai kawo mana ita da ka. Kalma ɗaya ce ta Turanci, amma ga shi ta haifi fassara uku, kuma kowace fassara aikinta dabam. Shi kuwa wanda aka kira, sau da yawa bai san wanne ake so ya yi ba. Sai ya tashi ya soke kai cikin takarda ko waya, ya yi ta gunguni har ya kai aya, a tafa masa don kara, ya koma ya zauna.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin aikatau ɗin nan na Turanci, wato "recite", a ga inda ya fito, da ma'anonin da ya kwasa a hanya, da yadda masu harshen suke amfani da shi. Daga nan sai a auna shi da kalmomin da Hausa take da su a wannan fage. Mai karatu zai iya cewa wannan aikin masu ƙamus ne. To, amma ai kalmar da muke kiran aiki da ita ita ke koya mana yadda za mu yi aikin, kuma abin da ke cikin haɗari a nan shi ne muryar waƙarmu.

Asalin Kalmar

Kalmar ba 'yar asalin Ingila ba ce. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan da, inda ake cewa "recitare". Gaɓa biyu aka haɗa: "re", wanda ke nuna maimaici ko komowa, da "citare", wanda ke nufin kira, musamman irin kiran da hukuma take yi wa mutum, wato sammaci. Shi ma "citare" ɗin ya tsiro ne daga wani aikatau mai nufin motsa abu ko tayar da shi. Daga wannan saiwa Turanci ya sami "cite", wato kafa hujja da maganar wani, da "excite", wato motsa zuciya, da "incite", wato zuga mutane. Masana asalin kalmomi sun danganta saiwar da kalmar Girkanci mai nufin motsi, wadda ta haifi sunan da muka ara muka mayar silima.

Ke nan tun a tushe akwai hoto mai kyau a cikin kalmar. Magana ce tana kwance a takarda, sai a aika mata sammaci, a tayar da ita, a tsayar da ita gaban jama'a ta ba da shaida. Haka kuwa Rumawa suka fara amfani da ita. A kotu da majalisar dattawa, idan ana son kowa ya ji abin da ke cikin wasiƙa ko doka ko bayanin shaida, sai a umarci magatakarda ya karanta da babbar murya. A jawaban da Cicero ya tsara a kan Verres, tsohon gwamnan Sisili, wanda aka yi wa shari'a shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), za a ga yana katse magana yana ba akawu umarni da wannan kalma don ya karanto takardun shaida. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci babu batun hadda. Takarda tana hannu, ido yana kanta, murya ce kawai ake ɗagawa.

Yadda Marubutan Rum Suka Karɓe Ta

Daga kotu kalmar ta shiga zauren marubuta. Seneca Babba ya ruwaito cewa Asinius Pollio, mutumin da ya kafa ɗakin karatu na jama'a na farko a birnin Rum, shi ne Barume na farko da ya gayyato mutane ya karanta musu abin da ya rubuta. Wannan al'ada ta bazu, aka riƙa kiranta "recitatio". Da yake babu injin ɗab'i, kuma kwafe littafi da hannu yana cin lokaci da kuɗi, wannan zama shi ne matakin farko na fitar da aiki. Marubuci zai nemi zaure, ya yi hayar kujeru, ya aika takardun gayyata, sannan ya zauna a gaba ya warware naɗaɗɗiyar takardarsa ya karanta. An ruwaito cewa mawaƙin nan Virgil ya karanta wa Sarki Agustus da 'yar'uwarsa Octavia sassa uku na babbar waƙarsa ta Aeneid, kuma da ya iso baitocin da suka ambaci ɗanta Marcellus, wanda ya rasu yana saurayi, sai ta suma.

Wanda ya fi bar mana bayanin wannan al'ada shi ne Pliny Ƙarami, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 1 da farkon na 2. A wasiƙunsa ya bayyana cewa shi yana tara mutane ne don a nuna masa kurakuran da idonsa ya tsallake, kuma tsoron idon jama'a kansa yana sa marubuci ya ƙara gyara aikinsa. Amma ya koka da halin masu sauraro na zamaninsa, waɗanda suke zama a waje suna hira, ba su shigowa sai an kusa gamawa, wasu kuma su sulale kafin a tashi. A wata wasiƙar ya nemi shawarar abokinsa, saboda an gaya masa bai iya karanta waƙa ba, ko ya sa wani baransa ya riƙa karanta masa. Mawaƙin zambo Juvenal kuwa, da ya zo lissafa masifun zaman birnin Rum, bayan gobara da rushewar gidaje sai ya saka har da mawaƙan da ke karanta wa mutane waƙa cikin zafin watan Agusta.

Darasi biyu ke nan daga Rum. Na farko, karatu a bainar jama'a hanyar tace aiki ce kafin ya fita. Na biyu, idan abin ya koma neman tafi, jama'a kan gaji, su fara gudun mawaƙi.

Shigarta Turanci da Sauyin Ma'ana

Kalmar ta ratsa ta Faransanci, ta shiga Turanci a ƙarni na 15, kuma ta shigo ne da rigarta ta kotu. Ma'anarta ta farko ita ce a zayyana wani al'amari a cikin takardar shari'a. Har yanzu wannan ma'ana tana nan a wurin lauyoyi, domin sakin layin da ake buɗe yarjejeniya da su, inda ake bayyana su wane ne masu ƙulla ta da dalilin ƙulla ta, sunansu "recitals". Ba a jima ba ta ɗauki ma'anar ba da labari daki-daki, sannan ma'anar maimaita magana a bayyane daga ƙwaƙwalwa.

Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce ta danne sauran, kuma dalilin haka a fili yake. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476. Da littattafai suka yawaita, sai mutum ya riƙa ɗaukar littafi ya keɓe ya karanta a zuci. Marubuci ba ya bukatar tara jama'a kafin aikinsa ya fita, maɗaba'a ta ɗauke masa wannan. Sai aka bar wa "read" aikin duban takarda, ita kuma "recite" ta koma ta wanda ya ajiye takarda ya dogara da kansa. Wato kalmar da ta fara da nufin karatu daga takarda ta juye ta zama kishiyar haka.

Makaranta ce ta ƙarasa aikin. A 1762 Thomas Sheridan ya buga laccocinsa a kan fasahar furuci, a 1774 kuma William Enfield ya fitar da littafinsa The Speaker, wanda ya tattara zaɓaɓɓun sassa don ɗalibai su riƙa gwada murya da su. A 1862 gwamnatin Ingila ta kawo tsarin da ya ɗaure tallafin da makarantar firamare za ta samu da sakamakon jarrabawar da sufeto zai yi wa yara a karatu da rubutu da lissafi. A shekarun 1870 da 1880 haddar baitoci ta shiga cikin abubuwan da ake gwada yara a kansu. Tunda kuɗi ya rataya a kan kada yaro ya yi tuntuɓe a gaban sufeto, sai malamai suka fi damuwa da a kawo baiti daidai, ko an fahimce shi ko ba a fahimta ba. Daga nan kalmar ta kwashi wani wari da har yau bai sake ta ba, wato warin maganar da baki ke yi zuciya tana wani wuri. Irin wannan tsarin karatu ne Turawan mulkin mallaka suka zo mana da shi, kuma ta ƙofar aji kalmar ta shigo kunnen yawancinmu. Yaron da ke tsayawa a layi da safe yana maimaita alkawarin ƙasa, wanda aka shigar makarantun Nijeriya a 1976, da wannan kalma malaminsa yake ba shi umarni.

Wani reshen kuma ya bi ta wajen makaɗa. A 1840 makaɗin fiyano Franz Liszt ya yi wasa shi kaɗai a Landan, aka tallata wasan da sunan "recitals". An ce mutane sun yi ta mamakin yadda za a yi wannan aiki da fiyano, tunda fiyano ba shi da baki. Amma sunan ya zauna, har yau haka ake kiran wasan makaɗi guda. A wasan kwaikwayon waƙa da Turawa ke kira opera, wanda ya tsiro a Italiya wajen 1600, akwai "recitative", wato wani salo tsakanin magana da rerawa wanda ake tafiyar da labari da shi.

Yadda Masu Harshen Ke Amfani da Ita

A Turancin yau aikatau ɗin yana bukatar karɓau, kuma ba kowane irin karɓau ba. Ana yin sa ga waƙa, da addu'a, da rantsuwa, da jadawalin lissafi, da jerin sunaye. Duk waɗannan abubuwa ne da kalmominsu suka riga suka daskare, mai faɗa ba shi da ikon sauya ko ɗaya. Ba a yin sa ga hira ko ga jawabin da mutum ke ƙirƙira nan take. Idan kuwa aka ce ɗan siyasa ya yi "recite" na alkawuransa, ko ma'aikaci ya yi na dokokin ofis, to zambo ne, ana nufin ya zubo su kamar aku, babu rai a ciki. Wannan kwatance na aku ma abin dubawa ne. A wurin Bature aku alamar maimaici ne marar tunani, alhali a Magana Jari Ce na Abubakar Imam aku ne ya riƙe ɗan sarki da labarai har ya zama waziri.

Akwai 'yar'uwarta da ake yawan haɗa su, wato "declaim", wadda ta fito daga kalmar Latin mai nufin ɗaga murya ko kururuwa. A makarantun Rum sunan atisayen da ake ba masu koyon jawabi ne, inda za a ƙago ƙara a ce ɗalibi ya kāre wani ɓangare. A Turanci tana nufin magana da ƙarfi da kaɗa hannu irin ta dandamali, kuma ita ma ta fi zuwa da zargi, wato amo ya fi ma'ana yawa.

Saboda wannan wari ne manyan marubutan Turanci suka riƙa kauce wa kalmar. Charles Dickens ya fara karanta ayyukansa a gaban jama'a a Birmingham a watan Disamba na 1853 don taimakon wata cibiyar ilimi, daga 1858 ya mayar da abin sana'a, ya zagaya Ingila, ya je Amurka a 1867, ya yi na ƙarshe a Landan a watan Maris na 1870, wata uku kafin rasuwarsa. Ya san sassan da yake karantawa da ka, yana sauya murya ga kowane ɗan wasa, amma littafin yana gabansa kuma sunan taron "reading". A ƙarni na 20 ma haka mawaƙa suka riƙa kiran taronsu. Da wani sabon salo ya taso a Shikago a 1986, inda Marc Smith ya fara gasar waƙa ta baka a wani gidan shaƙatawa, masu sauraro suna ba da maki, sai masu yin sa suka zaɓi kalmar "perform".

Duk da haka akwai ranar da tsohuwar kalmar ta fanshi kanta. A ranar 20 ga Janairu, 1961, wajen rantsar da Shugaba John Kennedy, an gayyaci Robert Frost, yana da shekara 86. Ya zo da sabuwar waƙa a rubuce, amma hasken rana a kan dusar ƙanƙara ya hana shi ganin takardar. Sai ya ajiye ta, ya ɗaga kai ya kawo wata tsohuwar waƙarsa, The Gift Outright, da ka. Abin da ke takarda ya ci amanarsa, abin da ke kai ya fid da shi kunya. Turawa ma sun dawo suna neman abin da suka yar, domin tun 2006 ake gasar haddar waƙa ta ƙasa tsakanin ɗaliban sakandare a Amurka, Ingila ma ta fara tata a 2013.

Ina Hausa Ta Tsaya?

Idan muka juyo gida za mu tarar cewa inda Turanci ya cusa ayyuka da yawa cikin kalma guda, Hausa ta rarraba su. Karantawa ita ce bin rubutu, a zuci ko a bayyane. Biyawa ita ce malami ya faɗa ɗalibi ya bi, ko ɗalibi ya maimaita abin da aka ba shi a gaban malami. Hadda ita ce ajiye magana a ƙwaƙwalwa, kawowa da ka kuma ita ce fito da ita. Tilawa ta Alƙur'ani ce, da ƙa'idojinta na tajwidi. Kirari ana yin sa da ƙaraji da sauri, babu kari irin na waƙa. Shela ta sanƙira ce ko mai gangami. Zayyanawa da lissafowa su ne na jerin abubuwa. Sannan ga rerawa, wato ɗora baiti a kan kari a ja shi da murya.

Mai fassara da ya buɗe ƙamus ya ɗauki kalma ɗaya ya riƙa liƙa ta duk inda ya ga "recite" zai yi ɓarna. Yaron da ya tsaya gaban aji ya kawo waƙa ne da ka. Lauyan da ya tsaya gaban alƙali ya zayyana abin da ya faru. Mahaddacin da ya zauna a musabaƙa tilawa yake yi. Wadda ta tsare mijinta da jerin laifuffukansa lissafo su take yi. Kowanne da kalmarsa, kuma mai fassara bai gama aikinsa ba sai ya tambayi kansa ko akwai takarda a hannun mai maganar, ko akwai kari a muryarsa, ko marubucin yabo yake nufi ko zambo.

Matsalar ta fi girma idan aka juya fassarar, wato daga Hausa zuwa Turanci. Idan aka ce Aƙilu Aliyu ko Aliyu Namangi suna "recite" na waƙoƙinsu, Baturen da ya karanta zai hango mutum yana faɗin baitoci da muryar magana. Wannan kuwa ba shi ne abin da ya faru ba. Rubutacciyar waƙar Hausa, tun daga ta malaman ƙarni na 19 har zuwa ta su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, don rerawa aka yi ta. Namangi makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, kuma ta bakin masu rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje ta kai inda littafinta bai kai ba. Aƙilu Aliyu, wanda ya rasu a 1999, duk wanda ya ji shi a rediyo ko a kaset ya san Fasaha Aƙiliya da ke kan takarda rabin aikin ne, sauran rabin yana maƙogwaronsa. 'Yan ƙungiyar Hikima ta Kano, ƙarƙashin Mudi Sipikin, ta rediyo jama'a suka fi sanin waƙoƙinsu, ana rerawa ana amshi.

Akwai dalili na harshe da ya sa haka. Karin rubutacciyar waƙarmu, kamar yadda Farfesa M.K.M. Galadanci da wasu masana suka nuna, yana tafiya ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, irin na arulin Larabci. Nauyin gaɓa kuwa ya danganta da tsawon wasali, shi kuma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi duk haruffa huɗu ne iri ɗaya, amma gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayan doguwa. Ido ba ya ganin wannan bambanci, kunne ne ke jin sa. Saboda haka baitin Hausa a takarda kamar gangar da aka rataye ce, ba a sanin zaƙinta ko fashewarta sai an kaɗa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Abin da ya faru da yawancin masu tasowa shi ne sun ari kalmar tare da mafi raunin ma'anarta. Sun ga ana cewa "recitation", sun tuna yaron aji, sai suka ɗauka cewa iyakar abin da ake bukata shi ne a fito da kalmomin daga baki bi da bi. Daga nan sai cutar ta koma baya ta kama rubutun kansa. Wanda bai yi niyyar rera waƙarsa ba, ba zai damu da karinta ba. Shi ya sa ake samun waƙa mai ƙwar biyar, an jera ɗango biyar-biyar tsaf, amsa-amo yana nan a ƙarshen kowane baiti, amma ɗango na farko gaɓa tara, na biyu goma sha huɗu, na uku bakwai. A ido waƙa ce. Da zarar an ce a rera ta sai mai ita ya fara haɗiye gaɓoɓi a nan yana jan wasali a can, kamar mai tura jaki a kan tsauni. Amsa-amon ma sau da yawa na ido ne, an daidaita haruffan ƙarshe an bar sautin ya saɓa.

Wani zai ce ai ba dole ba ne kowace waƙa ta hau kari, tunda akwai waƙa sakakkiya a wasu harsuna, kuma matasanmu suna yin irin waƙar baka ta dandamali da suka gani a waje. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai ikon rufe wa adabi ƙofa. Sai dai wanda ya ajiye kari ya ɗauki nauyin da ya fi na da, domin yanzu dole ya samo abin da zai riƙe kunne daga numfashi da maimaici da faɗuwar sauti. Masu wancan salo a ƙasashensu da ka suke zuwa da waƙarsu, sun yi ta gwada ta kafin su hau dandamali. Wanda ya bar karin gida, bai kuma ɗauki wahalar baƙin ba, ya tashi a tutar babu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Masu ƙagaggun labarai su ma kada su ce ba da su ake ba. Littattafanmu da yawa a bayyane ake karanta su, a gidajen rediyo da cikin gidaje, inda ɗaya ke karantawa saura suna saurare. Duk wanda ya taɓa jin ana karanta labarin da aka rubuta da ido kaɗai ya san yadda mai karatu ke shaƙewa a tsakiyar jimlar da ta ƙi ƙarewa, da yadda tsohuwa da jikarta suke magana da murya ɗaya, da yadda saurayi ke yi wa budurwa zance da Hausar da babu mai yin ta a zaure.

Shawara ga Masu Tasowa

Abin da ya dace mu ɗauka daga tarihin wannan kalma shi ne ma'anarta ta zamanin Pliny, wato karatu don gyara. Kafin marubuci ya kai aikinsa maɗaba'a, ya kulle ɗaki ya karanta shi da murya daga farko har ƙarshe, da alƙalami a hannu. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe ya sa alama, domin laifin jimlar ne. Idan waƙa ce ya nemi karinta tun a baitin farko, ya rera kowane baiti a kansa, wanda ya ƙi hawa ya sauke shi ya sake ɗinki. Bayan haka ya ba wani ya karanta masa yana saurare, saboda mai abu yakan rufa wa aikinsa asiri da murya ba tare da ya sani ba, baƙon baki kuwa ba ya rufawa.

A zaman da rassa suke yi na karatu, ya kamata a bambance zaman gyara da zaman nuni. A zaman gyara a zo da takarda, a karanta a tsanake, a yarda a katse mutum a ce maimaita wancan ɗango. Tafi ba shi da amfani a irin wannan zama. A zaman nuni kuwa, wanda zai tsaya gaban baƙi ya zo da waƙarsa a kai, ya dubi mutane, ya san inda zai ja da inda zai tsaya. Masu shirya taro kuma su rubuta abin da suke nufi da Hausa: rera waƙa, ko karanta waƙa, ko kawo waƙa da ka. Wanda aka gayyata zai san shirin da zai yi, masu sauraro su san abin da za su auna shi da shi.

Kammalawa

Mun ga yadda wannan kalma ta taso daga kotunan Rum da ma'anar kiran magana ta fito daga takarda, ta zama sunan taron marubuta, ta shiga Turanci ta hannun lauyoyi, sannan makaranta ta mayar da ita hadda, har masu ita suka riƙa jin nauyin kiran aikinsu da ita. Ba laifi ba ne mu san ta, mu yi amfani da ita idan muna Turanci. Laifin shi ne mu bar ta ta shafe mana bambancin da harshenmu ya riga ya yi tsakanin karantawa da biyawa da rerawa. Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan karin magana yana da sharaɗi a ɓoye, wato mai ita ya zama ya taɓa sa ta a bakinsa tun kafin ya fito da ita gaban jama'a. Muna fata 'yan'uwa marubuta, musamman masu nazarin waƙa, za su ɗora daga inda muka tsaya a fitowa ta gaba.